Yadda Dutse Mai Rauni Ke Tsara Makwancin Iskar Gas a Gindin Tsaunuka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiyar da ake ginawa a karkarar Maraɗi ya ga yadda ƙasar da ake jawowa daga ciki take sauya launi da hali gaba bayan gaba. Da fari rairayi ne, sai jar ƙasa mai tsakuwa, a wani wurin a ci karo da marmara wadda sai an sa diga da ƙarfin tuwo, sannan a tarar da yumɓu mai danƙo. Maginan rijiya ba su buƙatar mai koya musu cewa ƙasa hawa-hawa take, kowace shimfiɗa da halinta, kuma sun san ruwa yakan ratsa rairayi ya tsiyaye har sai ya iske yumɓu, a nan yake tsayawa ya taru. Wannan sani shi ne mafarin fahimtar inda iskar gas take kwanciya, sai dai a nan al'amarin a juye yake. Ruwa ƙasa yake nema, ita kuwa iskar gas sama take nema, domin ba ta kai nauyin ruwan da ya cika ƙofofin duwatsu ba, saboda haka abin da zai tsayar da ita dole ya kasance murfi a bisanta. Idan aka kifa ƙwarya a kan ruwa cikin babban kwano, kamar yadda mata suke yi a wajen kiɗan biki, iskar da ke cikinta ba ta da mafita muddin ƙwaryar ba ta tsage ba. Manyan makwantan iskar gas da ke gindin tsaunukan duniya ƙorai ne irin wannan, kifaffu, na dutse, wasu tsawonsu ya kai kilomita gommai.

To, mene ne ya lanƙwasa dutse har ya yi doro irin na kifaffiyar ƙwarya? Kuma me ya sa a wani tsaunin dorayen suke fitowa faffaɗa, a jere kamar kunyoyin gona, a wani kuwa suke fitowa a kakkarye, wani ya hau wani? Masana duwatsu sun shafe fiye da shekara 100 suna bin wannan tambaya, kuma amsar da suka yi ta cin karo da ita ita ce shimfiɗar da ta fi kowace rauni a cikin jerin, wato gishiri, ko jibsi, wani farin dutse mai laushi, ko lakar da ta daskare ta zama dutse mai falle-falle, wani lokaci kuma kwal. Idan ana hirar arzikin ƙarƙashin ƙasa yawanci ana zancen dutsen da iskar take ciki, dutsen yashi ko dutsen farar ƙasa, amma a ganina wanda ya fi cancantar a fara sani shi ne wannan rarraunan, domin shi ne yake tsara siffar doron, shi ne yake rufe shi, kuma shi ne yake ɓatar da mai haƙa idan bai yi hattara ba.

Ƙarfin da yake wannan aiki daga motsin ɓawon duniya yake zuwa. Ɓawon a rarrabe yake zuwa manyan faya-fayai da suke tafiya sannu a hankali, inda biyu suka yi karo kuma ƙasa takan tattare ta yi tsaunuka. Faifan da yake ɗauke da yankin Larabawa yana matsawa arewa wajen Asiya da kimanin santimita 2 a shekara, wato a rayuwar mutum mai shekara 70 bai wuce kamu uku ba. Amma sannu ba ta hana zuwa, kuma cikin miliyoyin shekaru wannan matsi ya tayar da tsaunukan Zagros, waɗanda suka miƙe daga arewacin Iraƙi har mashigin Hormuz a kudancin Iran. A can akwai shimfiɗun da suka kwanta ɗaya bisa ɗaya, kaurinsu a haɗe ya kai kilomita 10, kuma a ƙarƙashin yawancinsu, musamman a yankin Fars na kudancin Iran, akwai gishirin Hormuz, wanda wani tsohon teku ya bari da ya ƙafe fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce.

Mai karatu ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a kan daɓen siminti mai sulɓi, ya tura gefenta da ƙafa. Za ta zame gaba, idan ɗaya gefen ya tokari bango kuma sai ta yi ninki-ninki tun daga nesa, alhali daɓen yana nan a miƙe bai motsa ba. Ya mayar da ita kan ƙasa mai tsakuwa ya sake turawa, zai ga ta dunƙule nan kusa da ƙafarsa, sauran jikinta ko gezau. Bambancin duka yana wurin abin da ke tsakanin tabarmar da ƙasa. A cikin tsaunuka shimfiɗa mai rauni ita ce wannan sulɓi, ita ce take raba duwatsun sama da tsohon dutsen gindi, ta bar na saman su zame su lanƙwashe, na gindin kuwa ya zauna yadda yake. Masanin ƙasar Suwizaland August Buxtorf ne ya bayyana haka a 1907 game da tsaunukan Jura da ke kan iyakar ƙasarsa da Faransa, inda ya nuna cewa ninkin da ake gani a can bai sauka har gindi ba, ya tsaya ne a kan wata shimfiɗar gishiri da jibsi, abin da ke samanta kuma daga wajen tsaunukan Alps aka turo shi.

An daɗe ana gardama a kan wannan magana, kuma gardamar tana da dalili mai ƙarfi. A Glarus, cikin ƙasar ta Suwizaland, ana ganin layi ɗaya miƙaƙƙe a jikin tsauni, samansa dutse ne da ya haura shekara miliyan 250, ƙarƙashinsa kuma wanda bai wuce miliyan 50 ba, wato tsoho ya hau kan yaro, ya yi tafiyar kilomita gommai a kan wata siririyar shimfiɗa da kaurinta bai wuce mita 1 zuwa 2 ba. Masu lissafi suka ce idan za a tura faifan dutse mai wannan tsawo daga baya, ƙarfin da ake buƙata zai niƙe shi kafin ya gusa. Sai a 1959 Hubbert da Rubey, masana biyu a Amurka, suka kawo bayanin da ya warware mafi yawan ƙullin. Ruwan da ya maƙale a cikin ƙofofin laka, idan nauyi ya danne shi kuma bai sami hanyar fita ba, yakan ɗauki kaso mai yawa na nauyin da ke bisa, sai gogayyar da ke tsakanin shimfiɗun ta ragu ƙwarai. Direban da ya taɓa shiga hanyar fadama da damina ya san cewa babbar mota da ba ta turuwa a kan busasshiyar ƙasa takan zame da kanta idan laka ta sha ruwa.

Gishiri shi ko ruwan ma bai buƙata. Gishirin Bilma da muke gani a kasuwa kantu ne mai tauri, sai an sa guduma, amma wanda aka binne a zurfin kilomita da yawa, cikin zafi da nauyi, yakan malala a hankali kamar danƙo ba tare da ya karye ba. Bugu da ƙari ba ya ƙara cushewa komai nauyin da aka ɗora masa, don haka a can zurfi yakan kasa duwatsun da ke samansa nauyi, ya riƙa neman hanyar ɓullowa. A kudancin Iran akwai wurare sama da 100 inda gishirin Hormuz ya huda dukan shimfiɗun da ke bisansa ya fito fili, a wasu ma yana gangarowa daga kan tsauni kamar kwaɓaɓɓen gari, tsibirin Hormuz kansa kuma tulin gishirin ne. A 1985 wasu masana biyu, Davis da Engelder, suka tattara abin da gishiri yake yi wa tsarin tsaunuka, suka nuna cewa inda yake gindi yankin ninki yakan yi faɗi ƙwarai, gangarensa ya kwanta, dorayen su fito da ɓangarori biyu kusan daidai, karayar duwatsu kuma ta fuskanci gaba da baya ba tare da zaɓi ba. Inda babu shi yankin yakan tsuke ya yi tsayi, faya-fayan dutse su hau juna duka suna kallon gaba. Ana ganin wannan ƙarara a Pakistan, inda tudun Potwar ya zame kudu a kan tsohon gishiri kusan a miƙe, har bakinsa ya fito a tsaunukan da ake haƙar gishirin Khewra, alhali gabas da nan, inda gishirin ya ƙare, gaban tsaunukan Himalaya ya tattare wuri ɗaya.

Girman kowane doro kuma ya danganta da kaurin ƙaƙƙarfar shimfiɗar da ke kwance bisa rarraunar. Dukawa sun fi kowa sanin wannan. Fatar jar akuyar Maraɗi, saboda laushinta da rashin kauri, idan aka matse ta takan yi ƙananan tamoji kusa da kusa, kirgin sa kuwa ba ya yarda sai da lanƙwasa ɗaya babba. Haka nan dutsen farar ƙasa mai kaurin kilomita da yawa yakan yi doraye manya masu nisa da juna, irin na Fars, siririyar shimfiɗa kuma ta yi ƙanana a cunkushe. Sannan akwai maganar abin da zai cika cikin doron. Idan dutse ya tashi sama ba zai bar rami a ƙarƙashinsa ba, dole wani abu ya shiga, kuma idan gishirin ko lakar tana da kauri sai ta gudo daga ƙarƙashin kwarurrukan da ke gefe ta cika cikin doron, shi kuma ya ci gaba da girma bai karye ba. Irin wannan ne yakan yi kai mai faɗi da kafaɗu masu gangare, kamar akwati, wanda aka fi sani a Jura.

Idan rarraunar shimfiɗar siririya ce, ko ta ƙare, labari yakan sauya. Karaya takan bi cikinta a kwance na wani nisa, sannan ta yanke ƙaƙƙarfan dutse a karkace ta haura zuwa wata rarraunar da ke sama, ta sake kwantawa, tamkar matakalar bene. Faifan dutsen da aka turo ta kan wannan matakala dole ya tanƙware a inda ya hau da inda ya sake miƙewa, sai doro ya fito. John Rich ya bayyana wannan a 1934 daga tsaunin Pine na gabashin Amurka, John Suppe kuma ya fitar da lissafin kusurwoyinsa a 1983, lissafin da har yau masu neman iskar gas suke aiki da shi. Inda rarraunan shimfiɗu biyu suka sa ƙaƙƙarfa a tsakiya kuwa, ita ta tsakiyar takan yanyanke gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ta hau bayan ta gabanta, su taru su ɗaga abin da ke samansu. Gindin tsaunukan Rocky a lardin Alberta na Kanada, inda aka sami iskar gas a Turner Valley a 1914, cike yake da irin waɗannan faya-fayai masu hawan juna. A gabashin Sichuan na ƙasar Sin kuma, inda jibsi da laka suka kasance a hawa daban-daban, abin da ya fito shi ne siraran doraye dogaye da kwarurruka faffaɗa a tsakaninsu, har masanan can suna kamanta su da haƙoran matsefi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin wannan sha'ani shi ne yadda lanƙwasa guda take yi wa duwatsu biyu aiki iri biyu. Ƙaƙƙarfan dutse idan aka tanƙwara shi yakan tsattsage, musamman a kan doron inda yake miƙewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, domin waɗannan tsagu su ne hanyoyin da iskar take bi ta shiga, kuma ta nan take kwararowa cikin rijiya idan an haƙa. Dutsen farar ƙasa na Asmari a Iran ba shi da wasu ƙofofi masu yawa a karan kansa, tsagun ne suka sa rijiyoyinsa suke bayar da mai yawa. Shi kuwa gishiri ko jibsin da ke bisansa, wanda ake kira Gachsaran, wannan lanƙwasar ba ta tsaga shi, yakan miƙe ya bi siffar, ko ya tsage ma yakan sake haɗewa. Sai a sami tulu mai tsattsagaggen ciki da murfin da ba ya yoyo. A kan wannan haɗi ne aka sami mai a Masjed Soleyman a 1908, wanda shi ne farkon babban samu a Gabas ta Tsakiya, manyan makwantan iskar gas na Fars irin su Kangan da Nar kuma suna ƙarƙashin wani murfin jibsi ne da ya fi wannan tsufa.

Sai dai wannan murfi da yake tsare dukiyar shi ne kuma yake rikita mai nemanta. Tunda rarraunar shimfiɗa ta raba sama da ƙasa, kowanne yakan lanƙwashe yadda ya ga dama. Doron da ake gani a fili ba lalle ya zauna daidai kan doron da ke zurfi ba, yana iya kaucewa da kilomita da yawa, wani lokaci ma kwari ne a sama, doro a ƙasa, domin gishirin ya taru a wani gefe ya sirance a wani. Masu haƙa na farko a Iran sun sha wannan wahala da Gachsaran, suna saita rijiya a kan abin da ido ya nuna musu, su sauka su tarar sun faɗa gefen doron inda ruwa yake. A yau ana aika girgiza cikin ƙasa a saurari amon da yake dawowa, kwamfuta ta zana hoton shimfiɗun, amma gishiri yana wahalar da wannan ma, domin amo yana ratsa shi da saurin kimanin kilomita 4.5 a daƙiƙa, fiye da yadda yake ratsa yawancin laka da yashin da ke kewaye da shi. Idan aka yi kuskuren kaurin gishirin, hoton abin da ke ƙarƙashinsa yakan gurɓace, har ya nuna doron da babu shi, rijiya ɗaya a irin wannan zurfi kuma kuɗinta miliyoyin dala ne.

Kwarin Kuqa, a gindin kudancin tsaunukan Tian Shan da ke lardin Xinjiang na ƙasar Sin, ya haɗa duk abin da aka faɗa a wuri ɗaya, shi ya sa ya cancanci a tsaya a kansa. Can ƙasa akwai shimfiɗun kwal da baƙar laka, waɗanda zafi ya dafa suka haifi iskar. Bisansu akwai dutsen yashi mai kauri, bisansa kuma gishiri da jibsi, sannan kilomita da yawa na yashi da tsakuwar da tsaunukan suka zubo. Da karon Indiya da Asiya ya sake tayar da Tian Shan, sai shimfiɗun da ke saman gishirin suka yi doraye kaɗan manya masu nisa da juna, waɗanda ke ƙarƙashinsa kuwa suka yanyanke suka hau juna, gishirin ya malala ya lulluɓe kan kowace gunduwa. A 1998 aka haƙa rijiyar da ta gano makwancin Kela 2 a ƙarƙashin gishirin, a zurfin da ya kusa kilomita 4, aka tarar da iskar tana cikin matsi kusan ninki biyu na abin da aka saba gani a wannan zurfi, alamar cewa murfin bai yi yoyo ba. Wannan samu na cikin abubuwan da suka ƙarfafa gina bututun kimanin kilomita 4,000 da ya kai iskar har Shanghai a 2004. Daga baya aka bi sauran gunduwoyin zuwa zurfin da ya haura kilomita 6 a Keshen, inda nauyi ya cushe dutsen yashin ƙwarai, ba don tsagun da lanƙwasa ta yi masa ba da iskar ba ta fito yadda za a ci riba ba. Kamfanin man ƙasar Sin, CNPC, da yake wannan aiki a can shi ne yake haƙar man Agadem a nan Nijar.

A kudancin Bolibiya babu gishiri mai yawa, laka ce take aikin. Wata tsohuwar shimfiɗar laka a gindi ita ce sulɓin da duka jerin ya zame a kai, wata kuma a tsakiya, mai suna Los Monos, tana aiki uku a lokaci guda, domin tana cikin waɗanda suka haifi iskar, ita ce murfin dutsen yashin da ke ƙarƙashinta, kuma ita ce ta raba ninkin sama da na ƙasa. Akwai wani abin lura a nan. Lokacin da zafi yake juya ragowar halittun da ke cikin laka zuwa mai da iska, matsin da ke cikin ƙofofinta yakan ƙaru, lakar ta ƙara rauni, wato iskar da kanta tana taimakawa wajen sulɓin da zai gina mata makwanci. Daga dorayen jahar Tarija, irin su San Alberto da Margarita, ake tura iskar gas zuwa Barazil, an kuma riƙa tura ta zuwa Ajantina har 2024.

Haƙa ta cikin irin waɗannan shimfiɗu aiki ne mai hatsari, kuma ba daidai ba ne a yi zancen arzikin a bar wannan. Gishiri yakan narke cikin ruwan lakar da ake haƙa da shi idan ba a ƙosar da ruwan da gishiri tun farko ba, kuma bayan an gama yakan ci gaba da malala yana matse bututun ƙarfen rijiyar har ya lotsa shi. Da zarar bakin haƙa ya huda murfi yakan shiga wurin da matsi ya yi tsalle farat ɗaya. Sannan jibsi, idan zafi ya yi yawa, yakan haɗu da iskar gas ya haifar da wata iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A watan Disamba na 2003 wata rijiya ta ƙwace a gundumar Kaixian ta yankin Chongqing, wannan iska ta bi ƙauyukan da ke kewaye cikin dare ta kashe mutum fiye da 200, yawancinsu manoma ne da ba su da hannu a aikin. Murfin kuma ba koyaushe yake riƙewa ba. Inda gishiri ya gudu ya sirance har dutsen sama ya taɓa na ƙasa, ko inda karaya ta yanke shi a kusa da fili inda sanyi ya hana shi malala, iskar takan tsere, a haƙa kyakkyawan doro a tarar da ruwan gishiri kawai. Haka ma idan iskar ta riga ta wuce kafin doron ya samu.

Tunda ido ba ya gani, hoton amo kuma yana iya yaudara, masana suna da wata hanyar tantance zanensu wadda tela zai fahimta nan take. Yadi 6 na atamfa, ko an tattare shi ko an ninke, idan aka warware yadi 6 ne. Wani masanin duwatsu, Dahlstrom, ya kafa wannan ƙa'ida a 1969 daga aikinsa a Kanada, cewa duk zanen da aka yi na ƙarƙashin tsauni sai a warware shi a koma da kowace shimfiɗa yadda take kafin matsi, idan wata ta fi wata tsawo ba tare da dalili ba, ko aka sami giɓi, to zanen ƙarya ne. Daga yawan dutsen da ya tashi sama da yawan tattarewar da aka yi ma ana iya lissafa zurfin shimfiɗar sulɓin tun ba a haƙa ba. Hanya ta biyu ita ce gwaji a cikin akwatin gilashi, a shimfiɗa abu mai malala a ƙasa, kamar danƙon silikon ko zuma mai kauri, a zuba busasshen rairayi mai launi daban-daban a kai, a riƙa tura bango ɗaya a hankali ana kallon yadda karaya da doro suke fitowa. Ina ganin babu abin da zai hana ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo su yi wannan da rairayin Gulbi, rabin akwatin da zuma a gindi, rabi babu, domin wanda ya ga bambancin da idonsa sau ɗaya ya fi wanda ya haddace shi daga allo.

Game da ƙasarmu kuwa, gaskiya ita ce babu irin waɗannan tsaunuka a nan, kuma yana da kyau a faɗi haka a fili, domin kama da wane ba wane ba ne, ba kowane tudu ne doro mai iska ba. Yawancin jahar Maraɗi tana bakin kudu maso gabashin babban kwarin Iwillimmidan, wanda ya haɗa da Tawa da Doso har Sakkwato, shimfiɗunsa kuma kusan a kwance suke, ba wani karo da ya tattare su. Jibsin da ake tsinta a Adar domin simintin Malbaza dangin wanda ya rufe makwantan Iran ne, amma nan ba a matse shi ba, kuma ba shi da wancan kauri. Duwatsun da suke fitowa fili a kudancin Madarunfa wajen iyakar Najeriya su kam sun sha lanƙwasa, domin saiwar wasu tsaunuka ne da suka tashi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ruwa da iska suka cinye su, sai dai zafin da suka shiga ya wuce wanda iskar gas take jurewa, ƙofofinsu kuma sun toshe. Man Agadem, wanda matatar SORAZ ta Damagaram take tacewa tun 2011, ya taru ne a kwarin Termit, inda ƙasa ta buɗe maimakon ta matse, faya-fayan dutse suka zame ƙasa suka karkace. Duk da haka a can ma laka ce murfin.

Wurin da ya fi kusa da mu inda ake ganin wannan tsari cikakke yana ƙarƙashin teku, gaban inda kogin Kwara yake zuba. Yashi da lakar da kogin ya kwaso, har da wanda ya ratso Yamai da Gaya, sun taru sun yi kaurin kilomita da yawa a kan wata laka mai suna Akata, wadda ruwa ya maƙale a cikinta da matsi mai tsanani. Babu faifai biyu da suka yi karo a wurin, nauyin tulin ne kawai yake sa shi zamewa zuwa teku a kan lakar, bayansa yana tsagewa a wajen gaɓa, gabansa kuma yana tattarewa a cikin ruwa mai zurfi, yana yin doraye da faya-fayai masu hawan juna irin na gindin tsaunuka. Makwancin man Agbami, wanda aka gano a 1998 a ƙarƙashin ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000, yana cikin ɗaya daga waɗannan doraye, kuma lakar Akata ce ta cika cikinsa.